Sunan Hadiza da Anka Cire daga Binciken Ƙurar Plasma

Zuwa ga Farfesa, shugaban ɗakin binciken fizik inda ɗiyata Hadiza ta yi aiki.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya tare da iyali. Ni tsohon mushen lakkwal ne, wato malamin makaranta, a Filinge. Na rubuto muku a asirce ban samu amsa ba, shi ya sa na fito fili.

Na farko. Kun san aikin da Hadiza ta yi a hannunku. Ni ban san fizik mai zurfi ba, amma ta zaunar da ni ta fahimtar da ni. Ana zuba ƙwayoyin ƙura cikin iskar da lantarki ya ratsa, wadda kuke kira plasma. Sai su ɗauki caji, su tsaya a sarari ba su faɗi ba, su jeru sahu-sahu. In anka rage matsin iskar, sai rawar da suke yi sama da ƙasa ta haɗu da ta gefe, jerin ya wargaje tun daga tsakiya. Ita ta bi ƙwayoyin nan da kamara, ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya raunana ta koma sa tabarau.

Na biyu. Da ciwon ƙoda ya kama ta, kun ba ta izini ta dawo gida. Ba ta aje aikin ba. Tana kwance a rumfar uwarta take gyara lissafi tana aika muku. Ranar da rezon waya ya ɗauke, ni nake ɗaukar ta a moto mu fita bayan gari neman sa. Farfesa, na sha jin muryarku a wayarta kuna yaba mata.

Ta rasu da damanar bara, ana tsakiyar noman hatsi. Kun aiko da ta'aziyya, mun gode.

Na uku. Bayan salla wata abokiyar karatunta ta zo gaishe mu, ta nuna mini binciken an buga shi. Na gane hotunan, don a gabana Hadiza ta zana su. Na karanta sunayen da ke sama, na sake karantawa. Babu Hadiza, ko a wurin godiya. Uwarta ta tambaye ni abin da na gani, na kasa gaya mata, har yau.

Ba na zargin ku da mugunta, wataƙila mantuwa ce. Ba kuma wani abu muke nema a ba mu ba. Roƙona ku rubuta wa waɗanda sunka buga aikin, a mai da sunanta inda ya dace, ku aiko mana da kofi guda na takardar. Uwarta ba ta yi boko ba, amma tana gane sunan ɗiyarta in ta gan shi a rubuce.

Allah ya ƙara muku basira da adalci, ya raya muku naku 'ya'yan.

Wassalam.

Mushe Hamidu, mahaifin marigayiya
Filinge, ƙasar Kurfai