Yatsu Biyu Ne Suka Rage Tsakanin Motata da Ɗakin da Nake Ja

Zuwa ga Hajiya Shugabar ƙungiyarmu ta kai magani karkara, Gwarinpa, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya tare da iyali, Allah ya sa haka, amin.

Ranki ya daɗe, ni ne Isiyaku, direban a-kori-kurar da ke jan ɗakin nan mai taya zuwa ƙauyuka. Shekara shida ina miki tuƙi, ko kaza ban taɓa takewa ba. Na san ba tarbiyya ba ce ƙaramin ma'aikaci ya yi wa shugabarsa magana a bainar jama'a, kuma ina neman afuwa. Sau biyu na rubuta takarda, duk sun tsaya a teburin Oga Danladi mai kula da motoci. Jibi Alhamis akwai tafiya, ni kuwa tsoro nake ji, shi ya sa na biyo ta wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa.

1. Bari in fara da yadda abin yake, don na san ba ki taɓa leƙa bayan motar ba. Ɗakin da muke ja irin wanda Turawa ke tafiya da shi shaƙatawa ne su kwana a ciki, mu kuma muka mai da shi wurin ajiye magani da kwanan ma'aikata. Gabansa yana da baki mai tsawo da ke hawa kan bodin motar, a ɗaure shi da wani ƙarfe a tsakiyar bodin. Tsakanin ƙasan bakin nan da gefen bodi dole a bar tazara, saboda mota da ɗaki ba tare suke sunkuyawa ba. In mota ta fara gangara, bayanta ɗagawa yake yi alhali ɗakin yana kan tudu tukuna. In taya ɗaya ta faɗa rami, gefe ɗaya ne ke tashi. Tazarar nan ce ke hana su haɗuwa. Ranar da aka kawo ɗakin na auna da hannuna, ta kusa taƙi guda.

2. Kin san yadda muke zama in za a tafi. Likita yana gaba kusa da ni, manyan ma'aikata uku a kujerar baya. Waɗanda ba su da muƙami sai su hau bodi, su takure a ɗan lungun da ya rage tsakanin gilashin baya da bakin ɗakin, tunda doka ta hana zama cikin ɗakin in ana tafiya, kuma dokar daidai take. Ba wanda ya rubuta wannan tsari, girma ne ke raba kujera, kowa ya san wurinsa. Da na bayan suka yi kukan ba su da abin riƙewa, sai Oga Danladi ya kai motar wurin mai walda a Dutse Alhaji, aka ɗora bututun ƙarfe a kan gefen bodi, dama da hagu. Ba na zarginsa da mugunta, tausayi ne ya sa shi. Sai dai an yi waldar ɗakin yana ajiye a ofis, ba wanda ya tuna da shi. Da na ɗaura shi na sake aunawa, yatsuna biyu ne suka shiga, su ma da ƙyar. Wato abin da aka yi domin mutane su ɗora hannu, shi ne ya zama wurin da hannu bai kamata ya kusanta ba.

3. Ranar Talata ta makon jiya muka nufi wani ƙauye bayan Bwari. Cikin na bayan akwai Madam Rifkatu, mai ɗibar jini a yi gwaji, wadda ke tasowa daga Mararaba kullum kafin gari ya gama wayewa. Tana zaune ta hagu, ta miƙe hannunta a kan bututun, ta naɗe igiyar jakarta a daidai wurin don kada jakar ta faɗi. Ana gab da rafi akwai gangara, ga kwana, ga ramin da ruwan sama ya ci. Na sa giya ɗaya, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Sai na ji ƙarfe ya yi ƙara, motar ta girgiza har cikin sitiyari, sai ihun mace.

Hajiya, na taka burki amma na kasa fita. Ina ta Innalillahi, ina tsoron kallon madubi, don na riga na ga abin da zan gani a zuciyata. Likita ne ya fara sauka. Da na lallaɓa na isa, sai na tarar bakin ɗakin ya sauko ya lotse bututun kamar gwangwanin madara, igiyar jakar ta rabu biyu. Madam Rifkatu tana riƙe da hannunta na hagu tana juya shi, tana ƙirga yatsunta. Iska ce ta nemi ɗauke mata ɗankwali, ta cire hannu ta gyara. Abin da ya raba ta da hannunta ke nan, ɗaurin ɗankwali.

4. Da muka dawo na kai wa Oga Danladi rahoto. Ya ce mini, "Malam Isiya, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kai direba ne ko injiniya? A buga ƙarfen ya miƙe, ba wahala." Aka kuwa buga shi da guduma ya miƙe, har aka shafa masa fenti. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma wanda ya ga rami da idonsa ya sake jefa ƙafa, bai kamata ya kira shi tsautsayi ba. Mu da muke yawo ƙauye-ƙauye muna gaya wa mutane rigakafi ya fi magani, ai da kunya a ce a motarmu ne maganar ba ta aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ita Madam Rifkatun. Ta same ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam Isiya, don Allah ka bar maganar. Allah ya riga ya cece ni. In ka tada shi za su ce babu wuri a mota, mu na baya mu zauna a gida." Matar da ta kusa rasa hannu ce ke roƙona in yi shiru, saboda ba a ɗauke ta aiki na dindindin ba, kuma da hannun nan take ciyar da 'ya'ya uku. Na nemi gafararta kafin in rubuta sunanta a nan. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Tun ranar, ko kwalbati na hau sai gabana ya faɗi. Idona ya fi zama a madubi fiye da kan hanya, kuma direban da ke tuƙi haka shi ma haɗari ne. Ina tsoron ranar da zan tsaya a ƙofar wani gida a Mararaba in rasa abin da zan faɗa wa yara.

Don haka ina roƙon abu uku. A yanke bututun nan gaba ɗaya, a mai da tazarar yadda take, a kuma sa wanda ya san aikin ya auna da ɗakin a ɗaure. A daina ɗora mutum a bodi muddin ana jan ɗaki, ko da an yanke ƙarfen, don a kwana mai tsanani kusurwar ɗakin tana zuwa har kusa da gilashi. A samar musu wata motar, kuma kada a sallami ko mutum ɗaya daga cikinsu saboda wannan takarda. In dole sai an hukunta wani, ni na rubuta.

Ranar Alhamis zan zo da wuri kamar kullum, in ɗaura ɗakin, in tsaya. In ƙarfen yana nan, makulli zai kasance a teburin Oga Danladi. Ina da iyali, kuma ban san inda zan sami wani aikin ba, amma ba zan tada motar ba. Kafin ki yanke hukunci a kaina, ina roƙon ki sauko farfajiya, gani ya kori ji. Guntun igiyar jakar yana aljihuna, zan nuna miki. Sannan ki ɗora hannunki a kan bututun nan, ƙarƙashin bakin ɗakin, motar tana tsaye ba ta motsi. In kin iya barinsa a wurin har ki ƙirga goma, ni kuma zan tuƙa.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya ba ki ikon yin adalci, ya tsare duk wanda ke ƙarƙashinki, na gaba da na baya.

Wassalam.

Naki mai biyayya,
Isiyaku direba, Dutse Alhaji.