Ni da Shago, Ubale da Babur

Litinin, 5 ga Satumba, 1994

Ubale ya dawo daga Doguwa, ya jingine babur, ko gaisuwa babu ya wuce wurin Ladan, babban mai waldarmu. Wai a ajiye amalanken da ke hannu a fara ƴar siririya, don burtalin can ba ya ɗaukar mai faɗi. Ina tsaye a wurin fa, kamar turken ɗaure akuya.

Ranar da Baffa ya raba mana aiki a shagon nan nasa, a fili ya faɗa. Ubale ya yawata kasuwanni da rugage, ya ji abin da mutane ke so, ya faɗi irin amalanken da za mu ƙera nan gaba. Ni in tsaya kan masu walda: wannan a fara, wancan ya jira, waccan ba ta yi ba a sake. Shi surutu da ƙona mai, ni ƙarfe da tartsatsi. Amma Ubale bai taɓa sanin iyakarsa ba.

Laraba, 14 ga Satumba

Na ce Ladan ya ci gaba da mai faɗi. Ubale ya yi dariyar nan tasa, wai, "Taubashi, ka san ƙarfe, amma duniyarka a tashar Tudun Wada ta ƙare." Don shi ɗan Gwaggo ne, duk abin da ya yaɓa mini sai a ce wasa ne. Ni ban ga wasa ba. Na tsani dariyar nan.

Juma'a, 23 ga Satumba

Baffa ya kira mu bayan an sauko daga masallaci. Ya gaji da mu. Ya ce ba ya son shago mai kai biyu, bayan kaka zai damƙa wa mutum ɗaya komai, ɗayan ya koma ƙarƙashinsa.

Ni Zailani, a ƙarƙashin Ubale? Gara in koma noman gyaɗa.

Asabar, 1 ga Oktoba

Ubale ya faɗi da babur a hanyar Riruwai, ƙafar dama ta karye. Yana wurin mai ɗori. Na je dubiya saboda Gwaggo. Abin da zuciyata ta fara raya mini ba zan rubuta ba.

Litinin, 17 ga Oktoba

Baffa ya ce mu yi musanya. An ajiye wa Ubale benci a shago, ni na karɓi babur. Yanzu za a ga ko yawo aiki ne.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Rugar Arɗo Sale, gaba da Doguwa. Burtalin siriri ne, na yarda, amma wannan ko makaho zai lalubo.

An shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura da nono a ƙwarya sabuwa. Ina cikin sha suka fara. Arɗo yana son amalanke mai dogon gefe saboda dammunan dawa. Ƙanensa yana son birki, wai a gangare kaya kan tura shanu. Uwargidan Arɗo ta aiko daga bayan bukka, a yi ta ƙasa-ƙasa yadda mace za ta ɗora ƙwaryar nono ba ɗage. Wani tsoho kuma wurin zaman gangar ruwa yake so.

A shago ina ce wa Ladan a'a tun safe har la'asar, ko gezau. Amma dattijo mai furfura, ludayinsa a hannuna, furarsa a bakina, ta ina a'a za ta fito? Kowa na ce masa, "To Baba, za a yi."

Arɗo ya rako ni har bakin babur. Ya ce, "Ubale yakan shanye furar nan, ya ji ta bakin kowa, ya ce sai ya duba. Kai ka fi shi kirki." Na ji daɗi ƙwarai. Sai da na hau hanya daɗin ya fara tsami.

Asabar, 22 ga Oktoba

Na tarar da amalanke uku a shago, ba wadda ke da taya. Ladan ya cire tabarau yana zaune. Ya ce da safe Ubale ya ce siririya, da azahar wani ya shigo daga Yako sai ya ce a koma mai faɗi, kafin la'asar ya tuno wata dabara. "Ba zan ƙara kunna wuta ba sai baki ya zama ɗaya." Na yi dariya har da riƙe ciki, a gaban Ubale, da gangan.

Sannan dole na faɗi abin da na ɗauko a ruga. Na so Ubale ya rama dariyar, bai rama ba, wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Duka ka ce to?" Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Wai sauran kowa son ransa ne, birki kuwa tun bara yake jin sa daga Doguwa har Riruwai, shi kaɗai za a yi.

Wa ya tambaye shi?

Talata, 1 ga Nuwamba

Na koma ruga na janye maganata, ban da birki. Arɗo ya saurara, ya ce ba komai. Ruwa aka kawo mini yau.

Na dawo na ce wa Ladan siririya mai birki, kada ya taɓa komai sai ta fita. Na sa an ja bencin Ubale zuwa bakin ƙofa. Ya yi ta hira da masu saye a can, amma in ya sake ya kira sunan Ladan zan sa a mai da shi gidan Gwaggo a baro.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Ta fita. Ƙanen Arɗo da kansa ya zo da shanu ya ja ta. Ubale yana ta gaya wa mutane dabararsa ce. Da ina nan ina kallonsa, da har yau tana kwance ba taya.

Litinin, 28 ga Nuwamba

Baffa ya kira ni ni kaɗai. Ƙafar Ubale ta ɗoru amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ba zai iya zaman babur ba. Ya ce in haɗa duka, shago da kasuwa, Ubale ya zauna yana karɓar umarnina.

Abin da nake roƙon Allah ke nan tun Satumba.

Na ce babur yana sa mini ciwon baya, fura kuma ba ta karɓi cikina ba. Na ce a mai da kowa aikinsa na da, ai shagon bai mutu ba. Baffa ya dube ni ya daɗe.

Da yamma na auna ƙafar Ubale, banzan nan yana ta tsiya wai zan yi masa takalmin doki. Za a yi wa babur ɗin doguwar mataka a gaba, yadda zai miƙe ƙafar, birkin kuma a mai da shi hagu. Ba don shi ba. Don kada in sake zama a tabarmar Arɗo ne.

Ladan ya tambaya wanne za a fara, ga amalanke uku suna jira. Na ce babur. Wannan dai ni ke da ikon faɗa.