Ruwa Ya Hawo Tudu

Yaya,

Ruwa ya zo! Wallahi a famfonmu! Na ga kin dawo aiki a gajiye, shi ya sa ban tashe ki ba.

Jiya mun zauna da masu gidajen gangare. Ashe ba madatsa ce ta ƙafe ba, yadda ake ta faɗa tun shigowar zafi. Injinansu na jan ruwa ne ke zuƙe ruwan kafin ya hawo mana tudu. Mai wankin mota har da cewa, "Ku ma ku sayi inji mana!" Amma daga ƙarshe sun yarda, da safen nan kowa ya kashe nasa. Sai ga famfon kicin yana tari, ya tofar da laka, ya ɓarke da zuba.

Ki yi haƙuri, ni na bar shi a buɗe, takalmanki na asibiti sun sha wanka. Na shanya su.

Don Allah duro ɗaya za ki cika, ki rufe. Na san ki, har kofin shayi sai kin tara! Gidajen samanmu ba su samu ba tukuna. Na haura wurin Goggo mai ɗinki, tana zaune gaban famfonta da bokiti. Ina so ruwan ya zo mata ina wurin.

Ƙanwarki