Jiniyar Ƙarfe Bakwai

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Sau uku nake fara wasiƙar nan ina yagewa.

Yau kwana goma sha ɗaya da sojoji suka karɓi mulki, tara da rushe ƙungiyarmu ta ma'aikatan masaƙa, takwas da kama shugabanninmu bakwai, har da maigidanki. Tun ranar babu wanda ya shiga aiki.

Jiya wani hafsa ya same ni a ɗakina na bakin ƙofar masaƙa. Ya zauna a kan teburina, ya ce: "Kai ne mai jiniya? Litinin da bakwai ka busa. Mutane suka shiga, in sako muku bakwai ɗinku."

Kin san al'adarmu. In na busa, ƙungiya ce ta ce a shiga. In na yi shiru, yajin aiki ne. Shekara goma sha tara kwamiti ke gaya mini abin da zan yi, yanzu kwamitin yana kulle. Na raba shafi biyu a littafina, na jera dalilan busawa da na ƙi. Biyar suka fito kowane gefe. Ban san ko hafsan zai cika alkawari ba. Ki gaya mini, Yaya.

Ƙaninki mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya, in wannan ita ce lafiya. Kai da littafin nan naka! Mutum yana kulle, kana can kana ja wa takarda layi.

An bar ni na gan shi ranar Alhamis, minti biyar. Haƙoransa biyu na gaba babu. Da na gaya masa zancenka sai ya yi dariya, ya ce: "Ki ce wa sarkin lissafi ya cire hannunsa daga ƙarfen jiniyar nan. In ya busa, ba za a sake yin ƙungiya a masaƙar ba har jikokinmu."

Na isar, don ban taɓa cin saƙo ba. Wannan nasa ne. Ga nawa: ka busa. Ƙungiya ba ta tashi ta riƙe ƙaramar nan in ta farka tana kiran babanta. Ni na goye ka, ban taɓa roƙonka komai ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Zan faɗa miki yadda aka yi, bi da bi.

Na isa shida da rabi. Na goge agogo, na duba wayar jiniya. Bakwai saura minti ɗaya na ɗora hannu a kan ƙarfen, da niyyar bin maganarki. Bakwai ta yi. Ta wuce da minti ɗaya, ta wuce da biyu. Hannun bai ja ba.

Hafsan ya ture ni ya ja da kansa, ja ɗaya mai tsawo. Ni kuwa gajeru biyu nake yi kafin doguwar, ban ma san mutane sun lura ba. Ta taga na ga ma'aikata sun fito bakin ƙofofin gidajensu da kwanukan abinci a hannu. Wata tsohuwar mai ƙulla zare ta ce da ƙarfi: "Wannan ba hannun Auta ba ne." Sai kowa ya koma cikin gidansa.

An kore ni. Yanzu a titi ana miƙo mini hannu ana cewa jarumi. Yaya, ban sani ba ko ƙi na yi, ko tsoro ne ya riƙe ni. Na zauna in rubuta a littafi, na kasa zaɓen kalma. Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Na je da abinci inda ake tsare da su jiya, masu gadi suka ce an ɗauke su duka bakwai tun Litinin da rana. Ba su faɗi inda aka kai su ba.

Kada ka zo gidan nan tukuna. Yara na tambayarka, na ce aiki ya yi maka yawa.

Matarka ta ce ba ka cin abinci. Ka ci.

Yayarka