Maɗaciya Aka Ce, Gwaggo Ta Ji Mahaifa

Assalamu alaikum Anti mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma don Allah duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Na san akwai abin zagi a ciki, ni ma na gan shi. Ni ɗaliba ce 'yar Kankia, ina karatun zama malamar makaranta. Ban iya magana cikin mutane ba, ko a aji idan na san amsa sai in riƙe abata in yi shiru. A rubuce kawai nake iya faɗin abin da ke raina, shi ya sa na zo nan.

Tun ina sakandare nake fama da ciwon ciki. Idan na ci abu mai maiƙo, soyayyen nama ko ƙuli-ƙuli ko tuwo da man shanu, ba a jimawa sai in ji kamar an soka mini tsinken tsire a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, ya ratsa ya ɓullo ta bayan kafaɗa. Sai kumburin ciki, sai gyatsa mai ɗaci, sai amai da zufa. Kowa ya ce olsa ce. Na sha maganin olsa na kemis har na haddace sunayensu, na sha jiƙe-jiƙen da ban san iyakarsu ba. A gidan biki nakan ce ina azumi, a gida in riƙa yaɗe man miya da cokali ana kallona. Kun san yadda ake ɗaukar yarinyar da aka karrama da man shanu ta ture kwano? Raini ake cewa ta yi. Haka na girma ana ce mini mai iyayi.

Wadda ta fi kowa faɗin haka ita ce Gwaggo, yayar Babana, da ke zaune a Yashe. Ita ta goyi Baba bayan rasuwar mahaifiyarsu, saboda haka har yau ba ya yanke komai sai ya ce bari ya ji ta bakin Yaya. Malama take kirana, ba kuma don girmamawa ba. Duk zuwan da za ta yi sai ta ce boko ya tace wa Malama hanji, ba ta iya cin cimar ƙauye.

A bana ciwon ya kayar da ni a ɗakin jarrabawa, aka kai ni asibiti aka ɗauki hoton cikina. Likita ya ce duwatsu ne a maɗaciyata, wato 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda idan an yanka rago ake lallaɓawa a cire don kada ta fashe ta ɓata nama. Ya ce maganin shi ne a yi aiki a cire ta gaba ɗaya, kuma mutum yana rayuwa lafiya lau ba ita. Ya ja mini kunne cewa duk ranar da dutse ya toshe hanya, ido zai yi ɗorawa kamar na mai ciwon shawara, fitsari ya yi duhu, zazzaɓi ya biyo baya, to wannan ranar kada a tsaya jiran komai a gida. Ni mai bin diddigi ce, na koma na karanta duk abin da na samu a kai har na san ciwon kamar karatun jarrabawa. Wallahi murna na yi. Ashe ba iyayi ba ne, ciwona yana da suna.

Baba ya kira Gwaggo a waya a gabana, a tsakar gida. Maɗaciya ya ce, na ji da kunnena, har ya maimaita saboda tana cikin hayaniyar kasuwa. Ban san abin da kunnenta ya ji ba, ko abin da zuciyarta ta so ta ji. Mako bai zagayo ba, a wani taron suna a Yashe, Gwaggo ta zauna cikin mata ta ce za a cire wa ɗiyar ƙanenta mahaifa, ko me ta aikata a can makaranta Allah masani. Labari ya hau mota ya riga ta isowa Kankia. Akwai wani malamin firamare da ke nemana, mutum mai natsuwa, shi kaɗai ne nake iya yi wa doguwar magana ba tare da muryata ta yi rawa ba. Mahaifiyarsa 'yar Kusada ce, kuma tana wurin sunan nan. Ya ɗauke ƙafa. Da na daure na tambaye shi, sai ya ce Hajiyarsu ta ce a dakata tukuna. Innata ta yafa mayafi ta je har gidansu ta yi bayani, aka ba ta ruwa, aka ce Allah ya ba da lafiya, aka rako ta ƙofa. Me na yi? Ni da ko gaisuwa da namiji sai na sunkuyar da kai?

Baba ya yi ƙoƙarin yi wa Gwaggo gyara, a hankali, irin yadda yake mata magana kullum. Sai ta ce:

"Maɗaciya? Ni cikin rago da kaza na san ta. Wa ya taɓa jin an tsaga ɗan Adam don ita? Suna dai suka sauya ma abin don rufin asiri, kai kau ka yarda."

Ta kuma yanke hukunci cewa a zuri'armu ba a sa wa cikin budurwa wuƙa. Baba ya ce a bar maganar aiki. Likita ya faɗa mini shekaruna sun kai in sa hannu da kaina, amma idan na je, tabon da zan dawo da shi ai shi ne shaidar da mutanen gari ke jira. Idan kuma na zauna, ga ciwo yana cina, ga abin da likita ya tsoratar da ni a kai. Tun daga lokacin nake zaune tsakanin wuƙa da bakin mutane, kuma mace ɗaya ce ta ajiye ni a wurin. Ban iya zagi ba, ban iya tsiwa ba, amma na tsane ta tsana irin wadda ban san ina da ita ba. A sujjada ban roƙi Allah ya kashe ta ba. Cewa nake ya ɗanɗana mata kawai.

Da Babbar Sallah Gwaggo ta zo Kankia kamar yadda ta saba, ita ce kuma ke tsayawa a kan gyaran kayan ciki. Ina gefe ina wanke kwanuka ta ciro maɗaciyar ragon da yatsu biyu, ta ɗaga ta sama a gaban matan gida da maƙwabta.

"Malama, ga 'yar'uwar taki nan. A yar, ko a aje maki?"

Aka kwashe da dariya. Na ci gaba da cuɗa kwanon da tuni ya fita. Da la'asar, bayan an ci suya an ƙoshi, na zagaya bayan ɗaki ɗebo itace, sai na tarar da ita zaune a kan turmi ta dafe ƙasan haƙarƙarinta na dama, ɗaya hannun yana laluben bayan kafaɗa, zufa na zubo mata. Shekara nawa na yi ina wannan zaman? Kallo ɗaya na yi na gane. Kuma bari in faɗa muku gaskiya, sanyi na ji a raina kamar na sha ruwan randa.

Ba ta koma Yashe ba, ta ce jikinta ba daɗi, za ta ɗan huta a wurin ƙanenta. Ni ke zuba abinci a gidanmu. Daga ranar na fara malala mata man shanu a kan tuwo har ya kwanta a gefen kwano. Idan da nama sai in tsinto mata mai kitse. In durƙusa har ƙasa in miƙa mata, ta ce yau Malama ta yi hankali. Sai in koma bakin murhu in zauna ina jira, na san daidai lokacin da zai kama ta, kuma bai taɓa saɓawa ba. Ban zuba mata guba ba, abincin da ta ce boko ya hana ni ci na ba ta. Haka nake faɗa wa kaina. Amma ai na san abin da nake yi, ko ba haka ba?

Rannan da hantsi, gida ba kowa, ta kira ni ɗaki. Ba Malama ta ce ba. Cewa ta yi, zo nan ɗiyata. Ta kamo hannuna ta ɗora a gefen cikinta, jikinta duk ya saki, ta yi ƙasa da murya.

"Naki ciwon, nan yake kama ki?"

Na dubi hannuna a kan daidai wurin da nawa yake. Na ce, "A'a Gwaggo. Naki olsa ce."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce alhamdulillahi, ta sa mini albarka. Na fito na koma bakin murhu, kuma ban ji wata nadama ba.

Shekaranjiya tana alwala a rana na ga farin idonta ya koma ɗorawa. Inna ta duba ta ce shawara ce, aka aika aka samo saiwoyi aka jiƙa mata. Baba ya ce shawara ai ba baƙon ciwo ba ne, kwana kaɗan za ta washe. Jiya zazzaɓi ya fara. Duk gidan nan ni kaɗai na san abin da likita ya ce a kan wannan ranar. Na daina sa mata man shanu, amma kada ku yaba mini, ba tausayi ba ne. So nake ta rayu. So nake a kai ta gaban likitan nan ya nuna mata hoton nata duwatsun, a tsaga ta, ta warke, ta koma Yashe cikin matan da ta tara a kaina, ta buɗe baki ta ce maɗaciya. So nake in ga yadda kalmar za ta fito daga bakinta.

Abin da zuciyata ke kitsa mini shi ne in shiga ɗakin in ce mata, Gwaggo, na san ciwonki, na san inda maganinsa yake, amma sai kin ɗauki waya kin kira Hajiyar malamin nan kin janye abin da kika faɗa. Sai dai na san taurin kanta. Tana iya juya fuska bango ta ce gara ta mutu da ta lashe amanta, kuma jikinta ba zai jira mu gama ciniki ba. Idan kuma na je na faɗa wa Baba yanzu ba da sharaɗi ba, za a kai ta, in Allah ya so ta tashi, to wa ya ce za ta wanke ni? Na san Gwaggo. Tana iya zama da tabonta a tsakiyar taro ta ce tata maɗaciya ce aka cire, tawa kuwa mahaifa ce. Sannan dole in amsa wa Baba tambayar da na san zai yi, tun yaushe na sani.

Ina rubuta wannan tana kwance a ɗakin da ke kallon nawa, ƙoƙon jiƙo a gefenta, nawa cikin ma yana mini ciwo tun safe. Ɗazu ta aiko in kawo mata ruwa, da na miƙa mata ta sake cewa ɗiyata. Ga shawara a idon Gwaggo, ni kuma ga ni ina neman taku. Kada ku ce in yafe mata, na gwada, ya ƙi. Baba zai dawo daga gona da azahar, kuma kafin ya ajiye fartanya dole in san ɗakin da zan fara shiga, nasa ko nata. Me zan yi?