Na saka maƙwabcina a littafin 'yan sama jannati

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a yi saurin zagina, abin da na zagi kaina da shi ya isa.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Bici. Da rani muna taruwa a gidan kallo muna bin wani shiri mai dogon zango da aka fassara da Hausa, na wasu mutane da ke yawo cikin kumbo suna neman duniyar da za su zauna. Ana tsaka da daɗi shirin ya tsaya, mai gidan kallo ya ce ci gaban bai fito ba. Ranar da na kai albasa Kano sai na ga littafi a wurin mai tsofaffin littattafai, bangonsa ga fuskar Kyaftin, shugaban tafiyar a shirin, ga kumbon. Na saya don ɗoki. Da Turanci aka rubuta shi, ni kuwa iyakata firamare, ban da sunayen mutanen ba abin da nake ganewa. Amma da na nuna shi a majalisa aka ce in fassara, sai girman kai ya hana ni cewa ban iya ba. Na buɗe, na sa yatsa a kan layi, na fara ƙirƙira.

Tun daga nan kullum bayan la'asar ana zagaye ni a gindin darbejiya. Har musu ake yi. Wasu su ce littafin ya fi shirin, Habu mai faci kuwa ya buga cinya ya ce, "Kai, Kyaftin ɗin da na sani ba zai gudu ya bar mutanensa ba, marubucin nan bai kalli shirin ba!" Ni dai sai in ce haka aka rubuta. Da na tsaya a nan da sauƙi.

Akwai maƙwabcina a gona, dattijo ne, zan kira shi Baba Ila. Bara da damina ya ture gambar da ke kan iyakarmu ya ɗan shigo gonata. Mai unguwa ya sasanta mu, aka mayar da gamba, muka gaisa, amma abin bai bar zuciyata ba. Sai na ƙirƙiro wani maci amana a cikin kumbon na sa masa suna Zarmu, wanda da suka sauka sabuwar duniya yake matsar da alamar iyaka yana cin rabon 'yan uwansa. Na sa shi yana jan ƙafar hagu, yana gyaran murya kafin ya yi magana. Waye a garinmu bai san mai wannan tafiyar ba? Majalisa ta fashe da dariya, Habu yana cewa, "Ashe har a sama akwai Baba Ila!" Na ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Yanzu sunan ya bi shi. A kasuwa Zarmu, a bakin rijiya Zarmu, har matansa ana ce musu matan Zarmu. Wanda zai ba shi aron gona bana ya fasa, wai ba ya son a ci masa iyaka. Ni kuma na gaji. Ina huɗa ina tunanin ƙaryar yamma, ina salla tana faɗo mini. Na yi niyyar kashe Zarmu in huta, 'yan majalisa suka ce idan ya mutu sun daina zuwa, shi ne gishirin labarin.

Shekaranjiya Baba Ila ya same ni ina zuba taki. Ya gyara murya. Ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, Turawan da ba su san ni ba ne suka rubuta labarin Zarmun nan?" Na rantse masa haka yake a littafi. Ya ce, "Ikon Allah. To laifin iyakar nan na yi shi, ban musa ba. Amma kai da ka iya karatu, duba mini ƙarshen. Mutumin nan yana tuba? Mutanensa suna karɓarsa?" Na ce zan duba.

Ya tafi yana jan ƙafa, ya yarda da ni. Idan na tsara wa Zarmu tuba, wata ƙaryar ce a kan rantsuwar ƙarya, kuma wa ya ce sunan zai sake shi? Idan na faɗi gaskiya a majalisa, da wane ido zan kalli mutanen da suka yi ta musu a kan abin da babu shi? Shi kuma in ce masa ni na yi masa wannan bayan mun gaisa a gaban mai unguwa? Ya ce ranar Juma'a zai zo majalisar da kansa, a karanta ƙarshen yana zaune.

Jama'a, littafin yana hannuna, ban san abin da ke cikinsa ba. Me zan yi?