Lambar da Malam Ya Raba a Zaure

Boɗinga, Laraba

Zuwa ga ɗana Mukhtari,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da aikin asibiti da mutanen Shagari. Mu nan sai godiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Na'urar intanet da ka saka mana ta koma tafiyar hawainiya, ko saƙo ba ya fita. Kamfanin ya ce mun cinye awon datarmu na wata cikin kwana tara, sai wata ya kama za ta dawo. Ga shi ranar Asabar ƙanwarka Ummulkhairi za ta zauna jarrabawar neman gurbin karatun jinya ta intanet, kuma sau ɗaya ake yi a shekara.

Na bincika, ashe babanku ne ya karanta wa mutanen zaure lambar sirrin na'urar, har Bala tela yana kallon ƙwallo da ita. Na gaya wa baban naku abin nan da mudu ake auna shi, kamar shinkafar da muka yi wa layi zamanin ƙuncin ostariti. Ya yi dariya ya ce, "Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana." Tun jiya Guga yake kirana. Raina ya ɓaci ƙwarai, yarinyar nan ko tuwo ba ta ci.

Mahaifiyarka,
Zulai

Boɗinga, Lahadi

Zuwa ga ɗana Mukhtari,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso tare da sabuwar lambar, na ɓoye ta cikin kwalla.

An yi jarrabawa. Babanku bai roƙi kowa ba, bayan sallar Juma'a dai ya faɗa wa mutane abin da ya faru. Jiya da hantsi sai ga mutum bakwai a zaure, kowa da wayarsa. Ummulkhairi ta jona kwamfutarta da wayar Ɗanjuma mai albasa, da datarsa ta ƙare aka koma ta Ladan. Da wayar Bala ta amsa tambayar ƙarshe, kuma na ji kunyar maganar da na yi a kansa.

Babanku ko Gugar bai sake kirana ba, wannan ya fi damuna. Yau da safe na buɗe kwalla na ajiye masa lambar kusa da kokonsa.

A gaishe da abokan aiki.

Mahaifiyarka,
Zulai